Ƙullin Majanyi a Tsibirin Farasan

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce Asabe ta unguwar Mansur, wadda aka haifa a unguwar Misfala, ta tsufa a nan Makka. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Rabi ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa, don dangi na nan da na gida su ji inda na je da abin da na tarar.

Laraba: daga Makka zuwa Jizan

Mun idar da sallar asuba, ƙarfe biyar da kwata muka fita. Ni da Sale ne, autana, wanda har yau Auta nake ce masa ko da yake furfura ta fara cin gemunsa. Aikinsa gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, motar aikin kuwa muka shiga. Ya shimfiɗa mini bargo, ya sa mini matashi a ƙarƙashin gwiwa.

"Ya ummi, kilomita ɗari bakwai ne da wani abu, fa. Kin tabbata?"

Na ce, "Innata da ƙafa ta yi su. Ja mu tafi."

Bari in faɗa muku dalilin tafiyar, don kada ku ce tsohuwa ta rasa abin yi. Iyayena sun taso daga wani ƙauye gabas da Kano da niyyar Hajji, suna tafe suna ƙwadago, shekara da shekaru, har suka iso bakin teku ta can ɓangaren Habasha. Suna da 'ya ɗaya, Hauwa, mai shekara shida. Wani mai jirgin ruwa ya ɗebe su, su da wasu Hausawa. Kwana uku suna kan ruwa, sai ya nuna musu tudu ya ce, "Ga ƙasar Makka, ku sauka." Suka sauka, suka yi sujada, maza har suka ɗaura harami. Jirgi ya juya. Suka yi gabas, ruwa. Suka yi arewa, ruwa. Ashe tsibiri ne.

Wata biyu suka yi a can. Babana yana fasa kawa, ƙwanson da lu'ulu'u ke ciki, a wurin masu neman lu'ulu'u, Inna tana daka a gidajen mutane. Ranar da aka samu jirgin da zai ƙetare da su, Hauwa na kwance da ƙyanda. Mai jirgi ya rantse ba za ta hau masa ba. Wata mata da ba ta da ɗa ta ce a bar mata ita, in ta warke a dawo a ɗauka. Aka bar ta, da zanenta da majanyin da take goyon 'yar tsanarta da shi. Babana ya rasu ina jaririya. Inna ba takarda, ba abin hannu, ba ta ma san sunan wurin ba. Tsibirin barewa take ce masa. Ta yi ta toya waina a Misfala tana sayar wa alhazai har ƙarfinta ya ƙare, kuma har ta bar duniya tambaya ɗaya take yi: yarinyar nan ta tashi daga ciwon, ko a ranar ta mutu?

Bara aiki ya kai Auta Jizan, ya ga hoton barewa a jikin wani allo an rubuta Farasan. Shi ya zo mini da sunan. Ni kuma likita ya ce gwiwoyina sai aiki, bayan aikin kuwa ba wanda ya san yaushe zan sake doguwar tafiya. Na ce a kai ni tukuna.

A shingen farko da muka bar gari, ɗan sanda ya karɓi hawiyyarmu, katin shaida, ya leƙo ya ce, "Ina zuwa, ya hajja?" Na ce teku. Ya yi dariya ya ce Allah ya kiyaye. Bakwai da rabi muna Lit. Muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi da shayi, riyal goma sha biyu mu biyu. Daga nan hanya ta miƙe, teku a dama wani lokaci ya fito wani lokaci ya ɓuya, hagu kuwa fili ne fari da raƙuma. Ƙafafuna suka kumbura tun kafin Gunfuda, inda muka yi azahar muka ci kifi da shinkafa. Ban iya cin rabi ba.

Da muka doshi Baish da Sabya sai ƙasa ta canza. Gonakin dawa, gero, riɗi, itatuwan mangwaro. Ni da ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba, na ga abin da Inna ke kwatanta mini. Na ce wa Auta ya rage gudu.

"Dawa ce kawai, ya ummi."

"Na sani. Rage."

Biyar saura muka shiga Jizan. Zafinsu ba irin na Makka ba ne, nasu jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar an shafa masa zuma. Muka kama ɗaki kusa da tashar jirgin ruwa, riyal ɗari da hamsin, hawa na biyu, lif ya lalace. Matakala ashirin da biyu, na ƙirga su da gwiwata.

Alhamis: kan ruwa

Jirgin, abbara suke ce masa, kyauta ne, sau biyu a rana, bakwai na safe da uku da rabi na yamma. Amma wurin motoci ya cika tun da daɗewa, dole muka bar tamu a Jizan. Shida muna layi, maza daban mata daban, aka duba jaka aka duba kati. Jirgi ne babba, da kujeru da sanyi kamar asibiti. Na kalli abin da aka loda: tumatir, ƙwai, siminti, katifu, firji. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Komai namu daga tudu yake zuwa, ya hajja. Ranar da iska ta hana jirgi tashi, kanti sai ya zama fayau. Kifi kawai muke aika musu, da 'ya'yanmu."

Sa'a ɗaya da 'yan mintoci muka yi, kilomita hamsin ko kusa da haka in ji Auta. Jirgin ya yi ta tangaɗi da mu. Na tuna wannan ruwan Inna ta ƙetare tana waiwaye, sai na ji kunyar ƙorafi.

Tsibirin shimfiɗe yake, ba dutse mai tsawo, ba kogi. Ƙasar farin dutsen teku ce mai ramuka, da ƙananan ƙayoyi. In ba ka san teku ba, wallahi kai ma za ka ce ka iso tudu.

A bakin tasha muka samu wani dattijo mai tasi, Ammu Abkar, tsohon masunci, bakinsa ba haƙori sai zance. Muka daidaita zai riƙa yawo da mu kwana biyu. Ya kai mu masauki a cikin gari, ɗaki ɗaya da falo, a ƙasa, alhamdu lillahi. A hanya na ce wa Auta ya tambaye shi gidan baƙar mace, Batakarriya kamar yadda suke ce wa irinmu, da aka bari tun tana yarinya. Ammu Abkar ya taka birki, ya juyo, ya ɗora hannunsa kusa da nawa.

"Ya hajja, dubi nan. Wanne ya fi baƙi?"

Nasa ya fi. Na leƙa ta taga, masu wucewa rabinsu kalata ne. Shekara saba'in ina zaton ina sauka za a ce, ga gidan baƙar nan can. Ashe tekun nan ya daɗe yana kawo mutane daga kowane ɓangare, wasu da son ransu wasu an kawo su, duk sun zama 'yan gari. Na ce sunanta Hauwa. Ya ce Hawwa a tsibirin nan sun fi kwale-kwale yawa.

Bayan la'asar ya kai mu tsohuwar unguwa, gidajen attajiran lu'ulu'u, bango fari an sassaƙa shi kamar zanen ƙwarya. Inna ta faɗi waɗannan gidaje. Ammu Abkar ya ce kakansa mai nutso ne. Wata huɗu suke yi a teku, a ɗaura wa mutum dutse a ƙafa, a matse masa hanci, ya sauka ya ɗebo kawa. Attajirai su kai lu'ulu'un Indiya su dawo da katako da magina.

"To me ya kashe sana'ar?" in ji Auta.

"Mutanen Japan suka koyi noma shi kamar albasa. Kakana ya kurmance a banza."

Ya ce yanzu kamun kifi ne, da aikin gwamnati, da tsaron teku, sai baƙi masu zuwa kallo. Samari kuwa suna gama makaranta jirgin safe ke tafiya da su. Ya nuna mana ganuwar Turkawa a kan ɗan tudu. Ban fita ba. Muka shiga gidaje uku na tsofaffi, aka ba mu gahawa da dabino, aka saurare ni da ladabi, aka ce Allah ya haɗa. Ba wanda ya sani.

Juma'a: rijiyoyi da barewa

Da sassafe ya kai mu wani ƙauye da ake kira Gassar, 'yan kilomitoci daga gari. Gidajen dutse ne babu kowa a ciki, da dabino, da rijiyoyi masu yawa. Ya ce da can duk gari nan ake ƙaurowa lokacin nunar dabino, don nan ruwan daɗi yake. Yanzu ruwan teku ake tacewa a sha. Inna ta ce a gefen rijiya ta miƙa 'yarta, a gindin dabino. Na tsaya da sandata ina duba. Rijiya ta fi goma, dabino ya fi ɗari. Na zauna a bakin guda na yi addu'a, ban sani ba ko ita ce.

Da za mu dawo barewa biyu suka gitta, ƙanana, ja-ja, suka tsaya suna kallonmu. Auta ya ɗaga waya. Ni na bi su da ido har suka ɓace.

Bayan an sauko Juma'a, Ammu Abkar ya roƙi liman ya tambayi jama'a. Mutum biyu suka zo da labari. Ɗaya ya kai mu ƙetaren doguwar gada zuwa ɗaya tsibirin, Sagid, tafiyar minti arba'in, wurin wata Hawwa. Muka tarar da ita da ranta, amma ubanta da kakanta duk 'yan nan ne, ta lissafo mana su. Ɗayan kuma Hawwarsa daga Yaman aka kawo ta. A hanyar dawowa Ammu Abkar yana ta ba Auta labarin wani kifi, harid, da ke zuwa gaɓa sau ɗaya a shekara, gari duka a faɗa ruwa a kama shi da hannu, da na wani ƙaton gidan dutse da Jamusawa suka gina a wani tsibirin don ajiye gawayin jirgi, suka tafi ba su mora ba. Ina ji da kunne ɗaya. Ƙafata ta dama ta ƙi shiga takalmi.

Da magariba Auta ya durƙusa yana shafa mini man zafi.

"Halas, ya ummi. Mun yi iyakar yinmu. Lahadi da safe ina da shugul, aiki ne, mutane na jira. Gobe jirgin bakwai."

Na ce to. Me zan ce? Na gaji har cikin ƙashi.

Asabar: bakin ƙofar mata

Shida da kwata Ammu Abkar ya sauke mu, ya ce mu yafe masa. Auta ya bi layin maza, ni na samu benci a bakin ƙofar mata na zauna kafin layi ya ragu. Sai ga wata yarinya mai jakar makaranta da jariri a kafaɗa, da wata dattijuwa 'yar shekara hamsin da wani abu. Yarinyar ta sumbaci jaririn ta miƙa mata, ta shige. Jaririn ya tsala kuka.

Duk kwanakin nan a ƙugu na ga matan tsibirin suna saɓa yara. Wannan kuwa sai ta raɓe bayan katanga inda maza ba sa gani, ta zame abayarta, ta sunkuya, ta kama ɗan ta dantse ta wurga shi baya. Ta ja zane ta rufe shi, ta soke a ƙirji. Ta zaro wani ɗan ƙyalle ta tallafe ɗuwawunsa. Sannan ta kawo bakin ƙyallen ta ƙulle, ba a gaba ba, a gefen hagu.

Duk Bahaushiya a gaba take ƙulla majanyi. Inna kaɗai na sani mai ƙullawa a hagu, don ta ce ƙullin gaba yana dukan bakin turmi in tana daka. Haka ta goya ni, haka na goya nawa, har matan unguwarmu ta Mansur suna yi mini tsiya.

Matar ta yafa abaya, ta ɗan jijjiga shi, ta kama hanya. Na miƙe ban ɗauki sanda ba. Na kira, muryata ba ta kai ba. Na bi ta da waɗannan gwiwoyin, ban san yadda aka yi ba, har na kama gefen abayarta.

"Lafiya, ya hajja?"

"Wa ya koya miki wannan ɗaurin?"

Ta yi dariya. "Ke ma za ki yi mana ba'a? Ummi ce. Gidanmu kaɗai ake yi, har ana ce mana masu tozo."

"Ya sunanta?"

"Hawwa, Allah ya jiƙanta. Shekara shida ke nan."

Na ce ta miƙo mini ɗankwalin da ke hannunta. Na ɗaura shi a ƙuguna a kan abaya, na ƙulle a hagu. Ta daina dariya.

Jirgi ya yi ƙara. Auta ya fito a guje yana nemana.

"Ya ummi, yalla, za a rufe!"

Na ce, "A rufe."

Sunanta Maryam. Gidansu yana bayan kasuwar kifi, layi biyu daga masaukinmu, mun wuce ƙofar ya fi sau shida. Ta ɗauko hoto a waya: tsohuwa siririya, da 'yan tsagu uku-uku a gefen baki. Fuskar Inna ce, har ɗan karkata kan. Auta ya kalla, ya fita waje ya kira mai aikinsa ya ba shi haƙuri.

Maryam ta ce uwarta ba ta taɓa yarda a ce mata Batakarriya ba, matar da ta riƙe ta ta ce wa kowa 'yarta ce, shi ya sa sunan bai bi ta ba. Ta warke daga ƙyanda amma ido ɗaya ya tafi. Ta auri masunci, ta haifi bakwai, biyar suna raye. Tana gyaran kifi tana shanyawa, har ta tsufa. Yaren ya gudu daga bakinta, abin da ya rage mata kawai kalmar Inna, ita take kira in zazzaɓi ya kama ta. An gaya mata iyayenta alhazai ne, za su dawo. Tun da jirgi ya fara zuwa kullum, ta kan je bakin tasha ta zauna, wai shan iska.

Na ce, "Ba ta taɓa zuwa Makka ba?"

"Ta je Hajji sau ɗaya da Abuya, babana, ina 'yar shekara goma. A Misfala suka sauka."

Na sa Auta ya lissafa mini shekarun. A lokacin Inna na da rai, tana bakin kaskonta, ni ina miƙa wa alhazai waina a takarda.

Maryam ta ce, "Da ta dawo ba ta da zance sai na wasu mata da ta gani a titi, masu goyo irin nata. Kwana uku tana bin su. Ta ce tana son ta tambaya, ba ta san me za ta tambaya ba, ba sunan uwa, ba sunan gari. Sai ta riƙa sayen wani abu da suke toyawa, mai tsami-tsami, tana ci a tsaye har Abuya ya yi mata faɗa."

Masu waina a Misfala a lokacin suna da yawa. Ba zan ce wurinmu ta saya ba. Ba zan ce ba wurinmu ba ne.

Aka tara 'ya'ya da jikoki, ɗaki ya cika, kowa na ce mini hala, wato ƙanwar uwa. Aka gasa kifi, aka kawo gurasar dawa mai tsami. Bayan la'asar babban ɗan Hauwa ya kai Auta maƙabarta. Ni da Maryam muka tsaya a bakin katanga daga waje, ta nuna mini da yatsa, can wajen wata ƙaya. Duwatsu ne farare, duk iri ɗaya. Na yi mata sallama da Hausa. Na ce mata ba mantawa aka yi ba, sunan wurin ne ba a sani ba.

Lahadi: komawa

Jirgin bakwai muka shiga, da busasshen kifi kwali guda da lambobin waya a aljihun Auta. Tara saura muka ɗauki mota a Jizan. Ban ga dawa ba a dawowa, barci nake yi ina farkawa. Azahar a Gunfuda, shayi a Lit, shinge biyu, ba wanda ya tsayar da mu. Biyar da rabi muka shiga Makka.

Auta ya sa sigina zai yi Mansur. Na ce a'a, Ma'ala tukuna, maƙabartar da Inna take.

"Ya ummi, ƙafarki. Gobe mana."

"Shekara nawa tana jira. Kai ni."

Ya tsaya a gefen titi, motoci na yi masa ham. Mu mata ba ma shiga, sai na dafa katanga. Na ce, Inna, Asabe ce. Na je tsibirin barewa. Hauwa ta tashi daga ciwon. Ta yi aure, ta haifi bakwai, ta tsufa a ɗakinta, 'ya'yanta da jikokinta a hagu suke ƙulla majanyi.

Na yi shawara ko in faɗa mata sauran. Sai na ga ban da ikon ɓoye mata. Na ce, kuma ta zo Misfala, Inna. Ta ci waina.

Shida da minti goma na shiga ɗakina. Rabi ta zuba ruwan ɗumi a roba ta sa mini ƙafa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Auta da ya rasa aikin yini saboda ni, da Ammu Abkar da bai gaji da tsohuwa ba, da Maryam da ta tsaya da na ja abayarta. Yanzu likita ya zo ya yanka gwiwar, na gama da ita. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Inna da Hauwa addu'a, ya haɗa su a guda.